Wanda Ya Ƙetare Layi, A Ina Zai Tsaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallo na wata makarantar firamare a Ɗanzomo, ko Gagarawa, ko cikin garin Gumel bayan sallar la'asar, ya san inda gardama ta fi yawan tashi. A gefen fili take tashi, wurin da aka ja layi da dunduniya a cikin rairayi, ko aka barbaɗa toka da hantsi iska ta kwashe ta kafin yamma. Wannan ya ce ta fita, wancan ya rantse ba ta fita ba, 'yan kallo su rabu gida biyu, wani lokaci ma mai ƙwallo ya ɗauki abarsa ya yi gida. Yaran nan kuwa duk sun san doka: idan ƙwallo ta fita, jifa ake yi. Abin da suka rasa shi ne layin da kowa ya yarda da shi tun kafin a take wasa, da wanda zai yanke magana idan ido ya saɓa wa ido.

Wannan gardama ƙanwa ce ga wata babba da ake yi kowace kaka a bakin burtali, inda wani lokaci gawa ake ɗauka a kai gida. Tambayar ɗaya ce a wuraren biyu: ina layi yake, kuma wanda ya ƙetare shi me za a yi da shi? Akwai wani wasa na can nesa wanda masu tsara dokarsa suka zauna suka yi wa wannan tambaya amsa dalla-dalla. Darasin da ke cikin amsar tasu shi ne, dokar iyaka ba ta cika ba sai ta faɗi abin da mai ƙetarewa zai biya, ta kuma nuna masa inda zai dawo ya tsaya ya ci gaba.

Wasan da kansa

Sunan wasan golf na faifai. Ɗan wasa yana riƙe da faifan roba mai faɗin da bai gaza santimita 21 ba, mai nauyin da bai wuce giram 200 ba, yana jifa da shi zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, aka rataya masa sarƙoƙi domin su tare faifan ya faɗa ciki. Inda faifai ya sauka, nan mutum zai tsaya ya sake jifa. Fili cikakke yakan ƙunshi kwanduna 18, kuma wanda ya gama zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. An kafa filin farko na dindindin a shekarar 1975 a yankin Pasadena ta jihar Kalifoniya a Amurka, ta hannun Ed Headrick, wanda kuma ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, a 1976. Wannan ƙungiya ce take fitar da littafin dokoki.

Tun daga farko an fi yin wasan a wuraren shaƙatawa na jama'a, inda akwai titi, da tafki, da shingen maƙwabci, da mutanen da suka zo shan iska ba ruwansu da faifai. Ba fili ne da aka killace wa wasa shi kaɗai ba. Dole ta sa dokar iyaka ta zama ginshiƙi, domin wasa ne da yake zaune a tsakiyar haƙƙoƙin wasu.

Yaushe faifai ya fita

Shugaban gasa shi yake ayyana wuraren da suke wajen iyaka, kuma yana sanar da 'yan wasa kafin a fara. Akan yi alama da igiya, ko fenti, ko turaku, ko a ce bakin titi ko bakin ruwa shi ne iyaka. Ba a ƙirƙiro iyaka bayan faifai ya sauka. Tun ran gini ran zane.

Faifai bai fita ba sai idan wajen iyaka ya kewaye shi gaba ɗaya, a fili ba tare da shakka ba. Idan ko da ɗan gefensa ya leƙo cikin fili, yana ciki. Layin da kansa kuwa a waje ake lissafa shi. A nan ya bambanta da ƙwallon ƙafa, inda layi yake cikin fili, kuma ƙwallo ba ta fita ba sai dukanta ta haye shi, a ƙasa ko a sama. Masu kallon ƙwallo ba su manta da ranar 1 ga Disamba, 2022 ba, a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, lokacin da Kaoru Mitoma na Japan ya kwaso ƙwallo daga bakin layi ya ba Ao Tanaka ya jefa wa Sifaniya. A ido ta fita, amma da aka duba hoto sai aka ga ɗan gefenta yana saman layi. Japan ta ci 2 da 1, Jamus ta koma gida. An yi surutu, amma hukuncin ya tsaya, domin an rubuta wa layi matsayinsa tun kafin a haifi 'yan wasan. Ko layi ya zama na ciki ko na waje, duk ɗaya ne wajen adalci, muddin an faɗa tun da wuri.

Idan faifai ya fita, tarar jifa ɗaya ce ake ƙara wa mutum a lissafinsa. Ba ta ƙaruwa don faifan ya yi nisa a waje, ba ta raguwa don mai jifa gwani ne ko ɗan gari. Daga nan sai doka ta ba shi zaɓi. Yana iya komawa inda ya yi jifan farko ya sake. Yana iya zuwa daidai wurin da faifan ya bar cikin fili, ya tsaya a cikin tazarar mita ɗaya daga wurin. Idan kuma shugaban gasa ya keɓe wani wuri don masu irin wannan kuskure, yana iya zuwa can. Golf na ƙwallo da sanda, irin wanda ake bugawa a filin Dutse da marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya raya, ya fi haka tsanani: wanda ƙwallonsa ta fita zai biya tarar bugu ɗaya, kuma ya koma inda ya taso, ya yi asarar duk nisan da ya ci. Golf na faifai ya bar wa mutum nisan da ya ci a cikin fili, ya caje shi kuskuren kawai.

Sassaucin da ba shi da tara

Rabin dokar na biyu shi ne sassauci, kuma nan ne hikimarta ta fi fitowa. Doka ta hana mutum ya taka wajen iyaka a lokacin da yake sakin faifai. To, yaya za a yi da wanda faifansa ya sauka a cikin fili, amma dab da layi, har babu inda zai sa ƙafa? Bai yi laifi ba, amma idan aka ce ya yi jifa daga nan an tilasta masa laifi. Sai doka ta ce ya matso cikin fili har mita ɗaya daga layin, ba tare da tara ba, ko da matsowar za ta kusantar da shi ga kwando. Masu dokar sun gane cewa hana mutum taka waje ba shi da ma'ana sai an bar masa wurin tsayawa a ciki.

Haka nan idan ruwan sama ya kwanta a wurin da ba a ayyana shi wajen iyaka ba, ko faifai ya faɗa inda zuma ko rina suka yi gida, ko ƙarƙashin motar da wani ya ajiye, mutum yana ja da baya a kan layin da ya miƙe daga kwando ya ratsa ta inda faifan yake, har ya sami wuri na farko da zai iya tsayawa, babu tara. Akwai kuma wuraren da shugaban gasa yake son a kare, kamar inda aka dasa ƙananan itatuwa: a nan ba a jifa daga ciki, amma fita daga ciki kyauta ce. A wani gefen kuma, idan mutum ya ga faifansa ya shige sarƙaƙiya, ya ga dama ya ja da baya don jin daɗin kansa, doka ta yarda, sai dai zai biya jifa ɗaya. Wanda faifansa ya ɓace, abokan wasa za su taya shi nema na minti 3, in ba a gani ba ya biya jifa ɗaya ya koma inda ya taso.

Ma'aunin da ya ratsa duk waɗannan hukunce-hukunce guda ne. Abin da ya sami mutum ba da hannunsa ba, ana ɗauke masa shi kyauta. Abin da ya jawo da kuskurensa ko da zaɓinsa, yana biya, kuma ya san farashin tun kafin ya ɗaga hannu. A kowane hali ba a korar sa daga wasa.

Saura wa zai yanke hukunci. Yawancin lokaci babu alƙali a wurin, 'yan wasan da suke zagaye tare su ne suke dubawa, a bi ra'ayin mafi rinjaye. Mai faifai ba ya ɗauke shi kafin a duba. In ya ɗauke, an lissafa shi a waje. Idan ra'ayi ya rabu daidai, sai a ɗauki fassarar da ta fi yi wa mai jifa sauƙi. Idan kuma yana ganin an zalunce shi, yana iya buga duka hanyoyin biyu, a rubuta lissafin kowace, a kai wa shugaban gasa ya zaɓa bayan an tashi. Gardama ba ta tsayar da wasa, kuma ba ta mutuwa ba tare da an saurare ta ba.

Daga filin wasa zuwa burtali

Masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta iyakoki. Da arewa ga Jamhuriyar Nijar, ga kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki suke haɗuwa daga ɓangarorin biyu. Garkunan da suka yi damina a arewa suna gangarowa kudu idan ruwa ya ɗauke. A lokacin an yanke gero, amma wake da dawa da zoɓo sau da yawa suna nan a gona. 'Yan makonnin nan su ne lokacin haɗari.

Magabata sun san darajar layin da ake gani. Sukan dasa aguwa a gefen burtali, su bar gamba a tsakanin gona da gona, domin iyaka ta zama abu mai rai da ba ya gushewa da iska. Hukuma ma ta yi nata: akwai dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashe, kuma Jihar Jigawa tana da hukuma ta musamman mai kula da tsakanin manoma da makiyaya. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai a wurare da yawa aguwar ta mutu ba a sake dasawa ba, garma kuma tana cin kunya ɗaya daga burtali kowace damina, ba wanda ya ce uffan, har hanyar da garke yake bi a sake ta koma siririya.

Makiyayin da ya shigo irin wannan burtali daidai yake da ɗan wasan da faifansa ya sauka dab da layi. Yana kan hanyarsa ta halas, amma babu inda shanu hamsin za su sa ƙafa ba su taɓa shuka ba. Idan aka ci shi tara a nan, an hukunta shi a kan laifin da wani ya fara. Haka idan tafki ya cika ya shanye burtali, dole garke ya kewaya. Irin wannan yana bukatar sassauci da aka tanada tun da wuri: a san ta inda za a kewaya, a san wanda zai ɗauki nauyin abin da aka tattake. Wanda kuwa ya kora shanu cikin gonar wake da tsakar dare da gangan, wannan ya zaɓi ƙetare layi, tara ta hau shi babu tantama. Shari'ar da ƙasar nan ta gada ta riga ta yi irin wannan rarrabewa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke kan taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a wani lambu: tsaron lambu da rana yana kan masu shi, ɓarnar dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. Malaman Malikiyya sun ƙara bayanin sharuɗɗa, har da sakacin mai kiwo da rana.

Inda aka fi yin asara shi ne rashin sanin farashi. Idan shanu suka yi ɓarna, abin da za a biya yakan dogara ne da wanda ya fi baki, ko ya fi sanin manya, ko ya fi yawan 'yan uwa a wurin. Makiyayin da bai san ko za a caje shi kuɗin dami biyar ko a raba shi da bijimi ba, gudu zai yi kafin gari ya waye. Manomin da bai san ko za a biya shi ba, ba zai jira hukuma ba. Gudun wancan shi yake tabbatar wa wannan cewa babu adalci, fushin wannan kuma shi yake koya wa wancan cewa tsayawa wauta ce. Da a ce kowa ya san yadda ake auna ɓarna da wanda yake aunawa, da tsayawa ta fi gudu araha.

A hayin iyaka, Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, ta samar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati suke zama tare. A wurare da yawa an kafa turakun siminti a gefen burtali, kuma kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabbobi suke da izinin shiga cin kara. Rikici bai ƙare a can ba. Amma sun gane cewa iyaka tana da fuska biyu, ta wuri da ta lokaci, kuma dukansu sai an yi shelarsu.

Abin da za a ce a kan wannan kwatanci

Mai hankali zai ce wasa daban, abinci daban. Jifa ɗaya lamba ce a takarda, gonar wake kuwa kuɗin makarantar yara ce da kayan ɗakin 'ya mace. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a yanke wa kowace ɓarna kuɗi ɗaya ba. Diyya dole ta bi girman asara. Abin da za a tsayar tun kafin damina shi ne hanyar awo: su wa za su je gonar, cikin kwana nawa, da wane ma'auni, kuma da farashin wace kasuwa za a yi lissafi. Dokar da ta hana ɗauke faifai kafin a duba tana da amfani a nan ma. Sawun shanu da karyayyen kara shaida ne na kwana ɗaya ko biyu. Idan mai unguwa da arɗo suka je tare a ranar, rabin gardama ta mutu.

Zai kuma ce, bai wa mai jifa sauƙi a lokacin shakka ba zai yiwu a gona ba, domin a wasa ba wanda ya rasa abincinsa, a gona kuwa akwai wanda aka cuta. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba a nan ake koyi da wasan ba. Kotu tana da ƙa'idarta ta cewa hujja tana kan mai ƙara. Abin koyi shi ne a san tun farko inda magana za ta dosa idan masu dubawa suka rabu, kuma a bar wa wanda bai gamsu ba ƙofar zuwa gaban hakimi ko alƙali ba tare da an tsare masa garke ko an hana shi girbi ba.

Magana ta uku ta fi nauyi. 'Yan wasan faifai suna yi wa juna adalci ne domin kowa ya san gobe faifansa ne zai faɗa bakin layi. Manomi da makiyayi kuwa, ana ganin kamar kowa da gefensa har abada. Amma a ƙasar Gumel abin bai rabu haka ba. Manoma da yawa suna da shanu a hannun Fulani, Fulani da yawa suna da gonakin gero, kuma tsohuwar al'adar nan ta garke ya kwana a gona bayan girbi, ya ci kara ya bar taki, ta ɗaure su da igiya ɗaya. Saniyar da ta shiga gonar wani a Sule Tankarkar tana iya zama ta maƙwabcinsa ce manomi. Wanda ya tsananta tara bana yana iya zama shi zai biya ta baɗi.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Kafin ruwan farko, dagaci da masu unguwanni da arɗo su taka burtali da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, a maido da kunyoyin da aka ci, a sake dasa aguwa inda ta mutu. A faɗi hanyar kewaye a wuraren da ruwa yake kwanciya. A yi shelar ranar sakin gonaki a masallatan Juma'a da kasuwanni da rediyo, da Hausa da Fulatanci, yadda baƙon da ya tsallako daga Nijar zai ji. A rubuta hanyar auna ɓarna a liƙa a ƙofar hakimi.

Yaran da ke filin firamare na Ɗanzomo su ne za su gaji gonakin da garkunan. Idan malamin wasanni ya saba musu da cewa kafin a take ƙwallo kyaftin biyu za su zagaya fili tare su sabunta layin toka, su kuma amince da mutum ɗaya da maganarsa za ta zama ta ƙarshe, to sun fara koyon aikin da zai jira su a bakin burtali nan da shekara ashirin.